Bangon Sallau

Duk Maigatari an san Sallau fatoma, mai saukar fatake, da rashin zama wuri ɗaya. In ka shimfiɗa masa tabarma, kafin ka gama tambayarsa iyali ya miƙe ya je ya leƙa abin da ake saukewa daga bayan raƙumi, ya dawo ya ce, "To, me kake cewa?" Yayarsa Kande, tsohuwar da ke dama fura a bakin rijiyar kasuwa, takan ce tun yana goye haka yake, ba zanin goyon da bai kwance ba. Sai dai wannan ƙaiƙayin ƙafa nasa ba na mugunta ba ne. Baƙin da ke sauka gidansa, fataken kanwa da masu shanu daga ƙasar Damagaram, ba su taɓa kwana da yunwa ba, kuma duk abin da ya shafi garin sai ya ɗora wa kansa kamar shi kaɗai aka haifa a ciki.

A shekarun nan jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba, gyaɗa ta yi daraja, masu sana'ar hannu suna ta sulalewa can ɗaya bayan ɗaya. Maƙeri ya tafi, baduku ya bi bayansa. Duk wanda ya tafi sai Sallau ya yi ta mita a bakin kasuwa, yana cewa nan gaba sai dai a bar wa jakai garin. Amma wanda maganar tafiyarsa ta fi tsaya masa a rai shi ne Manu.

Manu ɗan amininsa ne, marigayi Ilu magini. Gini gado ya yi, zanen bango kuwa Allah ne ya ba shi. Zai ɗebi ɗanyar ƙasa ya manna a jikin gini, ya bi ta da yatsu, kafin ka ankara dagi ya fito ya sarƙe kamar kitso. To amma wa zai gani? Maigatari a lokacin garin danga ne da zana, masu ginin ƙasa ba su da yawa. Su ma in sun kira shi, can ƙuryar ɗakin amarya suke kai shi, ya zuba basirarsa inda jeren ƙore da tasoshi za su rufe. Sallau ya sha cewa da wannan da a binne aikin duk ɗaya.

Wata safiya cikin bazara Manu ya zo ya durƙusa a ƙofar gidan Sallau.

"Baba, sallama na zo yi. Akwai ayarin da zai tashi Kano bayan kasuwa, zan bi su."

Sallau ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. "Kano! Wa ka sani a Kano? Can magina sun fi tururuwa yawa. Miƙon tubali za su sa ka har gemunka ya yi fari."

"Ko miƙon tubalin ne, Baba, a bakin hanya ake yin sa. Nan shekara da shekaru ina zane, amma ko kai da kake yabona ba ka iya nuna wa baƙonka ko ɗaya sai ka nemi izinin mijin wata."

Maganar ta soki Sallau, don gaskiya ce. Ya kama hannun Manu ya riƙe tam.

"Ka ba ni zuwa ruwan farko. In ban samo maka bangon da duniya za ta gani ba, ni da hannuna zan ɗaure maka kaya a kan jaki."

Bangon kuwa yana nan tsaye. A ranin nan mutanen gari sun yi gayya sun gina babban zaure a gefen rijiyar kasuwa, don fatake su riƙa fakewa rana da ruwa. Ba na sarki ba ne, ba na attajiri ba, na kowa ne. Duk wanda ya tsallako iyakar da Turawa suka ja tsakanin nan da ƙasar Faransa, fuskar zauren nan ce farkon abin da zai gani. Dattawa sun riga sun yi shawara za a aika Damagaram a ɗauko mai zane. Sai Sallau ya shiga bin su ɗaya ɗaya. Ya tare liman a hanyar masallaci, ya tare sarkin pawa yana tsakiyar fiɗa, ya bi mai gari har gona yana sharar daji. Ya ce shi zai ci da Manu, shi zai ba da jakan ɗiban ƙasa daga kududdufi, in kuma aiki ya yi kyau gari ya sa masa riga a gaban jama'a kamar yadda ake yi wa manyan magina. A ƙarshe suka sallama, ba don sun yarda da hannun Manu ba, sai don su samu su yi barcin rana.

Da aka kai Manu gaban bangon, ya daɗe yana kallonsa. Ya shafa shi da tafin hannu daga nan zuwa can.

"Zan yi, Baba. Amma ka san yadda aikin nan yake. Bango ba a kiransa da sunan wanda ya sa aka yi, da sunan hannun da ya yi shi ake kiransa. In ya yi kyau a ce bangon Manu. In ya tsage, nan ma bangon Manu ne, har fatake su kai sunan Agadas."

"Zai yi kyau. Yaushe za ka fara? Yau?"

"Sai an kafa itatuwa an rufe shi da zana. Ɗanyen zane a inuwa yake bushewa, a hankali, ana yayyafa wa zanar ruwa. Ranar bazarar nan in ta same shi a buɗe, fatarsa za ta bushe cikinsa yana ɗanye, ya fashe. Ba mai ɗaga zanar nan sai ni, ranar da na shafe shi da makuba. Ko liman ne. Ko kai ne, Baba."

"Ni? Ni me zai kai ni?"

Kande tana can bakin rijiya tana damu, sai da ta ajiye ludayi ta yi dariya har da riƙe ciki.

Aka kafa itatuwa, aka jingina zana aka ɗaure, Manu ya shige baya da tsaninsa da kwaɓaɓɓiyar ƙasarsa. Daga ranar Sallau bai ƙara sanin daɗin komai ba. In gari ya waye ya kawo koko da kansa, ya tsaya yana jin sautin tafin hannu a jikin bango, yana ƙoƙarin gane me ake zanawa daga sautin. Ya je ya sallami baƙonsa ya dawo. Ya je sallah ya dawo. In hadari ya ɗan leƙo ta gabas ya rugo ya ce a yi sauri, in ya watse ya dawo ya ce kada a yi gaggawa. Ya tambayi ko an sa dagi, a ce an sa. Ya tambayi ko babba ne, ko ba a ƙara masa girma ba, ko ba a sa takobi a gefe ba, don ya ji an ce a Damagaram haka suke yi.

"Baba, je ka huta," in ji Manu daga bayan zana.

"Hutawa nake yi," in ji Sallau, yana zagaya rijiya.

Sau da yawa ya kai ido wata 'yar kafa a jikin zanar, amma ba ya ganin komai sai duhu da bayan rigar Manu. Abin yana cin sa ƙwarai. Shi ya roƙo bangon, shi yake ci da mai aikin, ga shi a waje kamar baƙon da aka hana shiga gidan biki.

Ranar wata Laraba Manu ya fito yana wanke hannu, fuskarsa a sake. Ya ce zane ya kammala, saura bushewa da makuba. Ɓawon ɗorawar da ake jiƙawa a samu makuba kuwa ba ya yarda da na kasuwa, shi yake zaɓo abinsa a wajen wata tsohuwa a Ɗanzomo. Ya bar wa Kande yayyafin ruwa, ya ɗaura wa jaki mangala, ya ce gobe da yamma yana nan. Har ya ɗan yi nisa ya waiwayo ya dubi Sallau, sannan ya wuce.

Kashegari Alhamis, kasuwa ta cika ta batse tun hantsi. Cikin baƙin da suka sauka gidan Sallau akwai Barau, wani bafade daga Gumel da aka aiko sayen raƙumi. Suna shan ruwa, Barau ya ce ai su ma a Gumel an gama ginin sabon zauren shari'a, fuskarsa tana nan fayau, an rasa mai zane a ƙasar. An yanke jibi za a tura manzo Kano.

Sallau ya ƙware da ruwa. "Kano? Ga mai zane a nan, ɗan ƙasa!"

"Yana ina?"

"Ya tafi Ɗanzomo, da yamma zai dawo."

"Ni kuwa da la'asar zan kama hanya. Kuma ba a kai wa fada labarin baki. Ina aikinsa?"

Sallau ya fita ya shigo. Ya sake fita. A ransa yana ganin abin a shimfiɗe: wanda ya zana zauren Gumel, hakimai za su yi ta rububinsa, na Gagarawa ya kira, na Sule Tankarkar ya kira, Manu ya tsufa a ƙasar ubansa da riga a wuya, ba zancen Kano har abada. Duk wannan yana bayan 'yar zana, a bakin rijiya. Ɗagawa ɗaya ce, a leƙa a mayar. Rana me za ta yi a ƙiftawar ido? Ai ko Manu da yana nan da kansa zai ɗaga. Haka ya yi ta faɗa wa kansa har ya yarda, ya kamo hannun Barau.

Kande ta hango su tafe, ta gane tun daga tafiyar ƙanenta.

"Sallau! Kada ka taɓa. Ka ji abin da ya ce."

"Yaya, gefe ɗaya kawai. Don shi nake yi."

Ya kwance igiyar gefe guda ya ja. Zanar ta sha ruwa ta yi nauyi, ta rinjayi itacen da ke riƙe da ita, itacen ya ja na kusa da shi, gaba ɗaya suka zube ƙasa rim. Bango ya fito tsakiyar rana, a gaban kasuwa duka.

Hayaniya ta ɗauke a wannan sashen. Ashe Manu ya zagaye bakin ƙofar da zanen murɗaɗɗiyar igiya irin ta guga, kamar ka kama ka ja ruwa. Daga ƙasa, dama da hagu, sawun raƙuma ne ke hawa, suna karkacewa kamar hanyoyin fatake, har su haɗu a saman ƙofa su shige cikin wani ƙaton dagi da ba ka gane farkonsa balle ƙarshensa. Ƙasar tana nan da duhun danshi, tana ƙyalli. Wani Buzu ya sauke rawaninsa daga baki don ya gani sosai. Sallau ya ji hawaye ya cika masa ido, na murna da na alfahari, har ya manta da Kande da ke ta kiran sunansa.

"Wannan hannu ba zai wuce ƙasar Gumel ba," in ji Barau. "Ka kawo min shi jibi da safe. To, zo mu je ka taya ni duba raƙumin nan kafin Kanawa su kwashe na kirki."

"A mayar da zana!" in ji Sallau, ya ɗaga murya bai kira sunan kowa ba. Kowa ya ɗauka da na kusa da shi ake. Shi kuwa ya bi Barau kara, kasuwar dabbobi, yana tsayawa kowace rumfa yana tambaya ko an ga bangon Manu.

Kande ta yi ta fama ita kaɗai. Itatuwan sun fi ƙarfinta, mutane kuma sun dafe wurin suna kallo, ba mai son a rufe. Zana ɗaya masu sayar da kanwa suka ja suka yi inuwa, ɗaya kuma wani raƙumi ya samu jiƙaƙƙiyar ciyawa ya hau ci. Ta aika a kira Sallau, aka ce yana can ya buɗe bakin raƙumi yana duba haƙora. Cinikin ya ja, aka watse aka dawo, aka yi sallar azahar, aka sake zama. Rana kuwa tana dukan bangon ba ta da labari.

Da la'asar suka dawo, Barau yana jan raƙuminsa. Tun daga nesa Sallau ya ga bangon ya yi fari fat. Da suka matso ya ga tsagar ta taso daga bakin ƙofa ta raba dagin biyu, ƙananan tsagogi sun bazu ko'ina kamar ƙasan tafki a rani. Igiyar gugar ta ɗago daga jikin gini. Suna tsaye wani sawun raƙumi ya ɓanɓaro ya faɗo ya tarwatse a gabansu.

"Ashe na wuni ɗaya ne," in ji Barau.

"Wallahi ba laifinsa ba ne! Ni na buɗe, ɗanye ne, rana ce ta dake shi. Ya hana, ni na ƙi ji."

"Na ji, Malam Sallau. Amma ni abin da idona ya gani zan kai. In na ce laifin rana ne, za a tambaye ni ko a Gumel ba a rana." Ya yi sallama ya kama hanya.

Bai daɗe da ɓacewa ba Manu ya ɓullo ta yamma, jakinsa cike da ɓawon ɗorawa. Mutane suka dare suka ba shi hanya. Ya tsaya gaban bangon, ya tsugunna ya ɗauki gutsuren da ya faɗo, ya murza shi a hannu ya zama gari. 

"Wa da wa suka gani?" in ji Manu, a hankali.

"Kasuwa duka," in ji Kande.

Ya gyaɗa kai, ya sauke wa jakinsa kaya.

Kashegari tun da sassafe Manu ya sake kafa itatuwa, ya samo sabuwar zana ya ɗaure da hannunsa, ya shige baya. Sallau ya ji sara, ya ji zubar ƙasa, daga baya ya ji sautin tafin hannu ya dawo. Ransa ya ɗan yi sanyi. Ya kawo koko ya ajiye a bakin zana, bai tambayi komai ba. Haka aka yi ta yi har ƙamshin makuba ya fara tashi daga bayan zanar.

Ranar da wani ayarin Kano zai tashi, Manu ya zo ƙofar gidan Sallau da jaki da ƙunshin kaya. Ya durƙusa ya gaishe shi kamar kullum.

"Baba, ka ce kai za ka ɗaure min kaya."

"Manu, ka yi min rai. Zan je Gumel da ƙafata in yi musu bayani. Zan tare kowane bafatake..."

"Waɗanda suka gani sun kai Damagaram yanzu, Baba, da sunana a bakinsu. Ban riƙe ka a zuciya ba, na san don ni ka yi. Amma a nan ni ne mai bangon da ya tsage. A Kano ba wanda ya san ni, gara can." Ya miƙa masa igiya. "Zanar, wannan karon kai za ka buɗe. Ka bari sai ranar kasuwa mai zuwa, ya gama bushewa."

Sallau ya ɗaure kayan, ya kwance ya sake ɗaurewa don dai a ƙara jimawa. Ya raka su har bayan gari, ya tsaya har ya daina jin muryar masu korar jakai.

Abu ɗaya ya rage masa, shi ne abin da ke bayan zanar. Ya ce a ransa in sabon zanen ya fito, fatake za su kai sabon labari, labarin ya je Kano ya jawo Manu gida. Sai ya ɗauko buzunsa ya shimfiɗa a gaban zanar ya zauna. Shi ke yayyafin ruwa, shi ke korar awaki. Ƙafafunsa suna motsi su kaɗai, yana danne su da hannu. Akwai kafa a jikin zanar daidai idonsa, ya cusa mata tsumma ya toshe. Baƙinsa suka riƙa biyo shi nan, mutanen gari suna zuwa kallon Sallau a zaune kamar an kawo kura kasuwa. Kande ba ta yi dariya ba, ta dama fura ta ajiye masa a gefe.

Ranar kasuwa ta zo. Liman ya zo, mai gari ya zo, sarkin pawa ya zo da wuƙa a ƙugu. Sallau ya kwance igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, aka kwantar da zanar.

Babu zane. Manu ya sare komai, ya yaɓe bangon sumul daga sama har ƙasa, ya shafe shi da makuba ya yi duhu yana sheƙi. Ba tsaga ko ɗaya, ba dagi, ba ko sawun yatsa da za a ce ga hannun wane. Sallau ya bi shi da ido kusurwa kusurwa yana neman ko ɗan abu, bai samu ba. Ya koma kan buzunsa ya zauna ba wanda ya ce ya zauna. Dattawa suka yi ta zamewa ɗaya ɗaya.

Can wani bafatake da ya sauke kanwa ya zo shan fura. Ya dubi bangon, ya dubi Kande.

"Iya, an ce mana akwai wani bango a nan da ya tsage ran da aka buɗe shi. Bangon wa ma aka ce? Manu?"

Kande ta sunkuyar da kai tana juya ludayi.

"Ba nasa ba ne," in ji Sallau daga inda yake zaune. "Nawa ne. Hannuna ne ya mai da shi haka. In ka koma ka faɗa musu bangon Sallau ne."